Kwana Biyar Cikin Maharban Faifai a Landan

Fam talatin na biya, hannuna har rawa yake lokacin da nake miƙa kuɗin, don tsoron kada mai teburin ya farga ya ce ya fasa. Safiyar Asabar ce a titin Portobello da ke yammacin Landan, cikin watan Nuwamba, ana irin sanyin nan mai bin ƙashi, ga yayyafin da ba ya jiƙa mutum lokaci guda, sai dai ya yi ta lasarsa har ya yi laushi. 'Yan gwanjo sun baje hajarsu tun daga bakin titi har ƙarƙashin gadar sama: cokulan azurfa, agogunan da suka tsaya tun kafin a haifi mahaifina, hulunan soja, da akwatunan katako shaƙe da faya-fayan garmaho. A cikin ɗaya daga akwatunan nan na zaro faifan Nick Drake na farko, Five Leaves Left. Na zare shi daga kwalinsa, sai ga takardar tsakiya ruwan hoda. A daren da ya gabata na karanta cewa bugun farko na 1969 shi ne mai wannan launi, kuma mai lafiya a cikinsu yakan ci ɗaruruwan fam. Na saci kallon mai teburin, yana ta hura shayinsa, ko a jikinsa. Na ce a raina, yau ga tsuntsu daga sama gasasshe.

Kawu yana tsaye a bayana cikin jibgegiyar rigar sanyi, hannuwa a aljihu. Ƙanin mahaifiyata ne, ya haura shekara arba'in a Landan, bas ya tuƙa har ya yi ritaya, kuma a ɗakinsa na sauka.

"Ɗan nan, faifai ka saya?"

"Shi ne, Kawu. Ai wannan dukiya ce."

"Abin da muka kwashe muka zuba a bola a Tudun Wada, shi ka hau jirgi ka zo saye da fam? Allah ya shirye ka."

Wani aiki daban ne ya kai ni Ingila. Da na gama, sai kwana biyar suka rage mini kafin ranar jirgi, ni kuma na daɗe ina jin labarin mutanen da ke zuba kuɗin da zai sayi fili a bayan gari a kan faifai ɗaya na waƙoƙin gargajiyar Turawa, irin waɗanda mutum ɗaya ke rerawa da jita, ko ma da baki zalla. Na ce bari in bi sawunsu in ga abin da suke gani. Ban san cewa a rana ta farko ciwon zai kama ni ba.

Sunan ma kansa abin lura ne. Da Bahaushe ya ga baƙin farantin nan yana juyawa, bai wahalar da kansa aron kalma ba, ya dubi faifan da mata ke rufe ƙwarya da shi, ya ce ai wannan faifai ne. A gidanmu na tarar da ragowarsu a saman kwaba, irin na da can masu nauyi, waɗanda ake yi da ƙaron wani ƙwaro na ƙasar Indiya, suna juyi sau 78 a minti, in sun faɗi su tarwatse kamar kasko. Mu yara gare-gare muke yi da su a tsakar gida. Na roba, wanda maharban Landan ke bi, daga baya ya zo. Kamfanin Columbia na Amurka ne ya fito da shi a 1948, yana juyi sau 33 da sulusi a minti, kowane gefe ya ɗauki waƙa ta kusan minti ashirin ko fiye.

Da azahar muka gangara wani shago da ke ƙarƙashin ƙasa, ba nisa da kasuwar. Matakala ce siririya, ɗakin yana warin tsohuwar takarda da danshi. Mai shagon dattijo ne, furfura har kafaɗa, gilashin ƙara girma rataye a wuyansa kamar carbi. Na miƙa masa faifaina ina ƙoƙarin ɓoye murmushi. Bai ma buɗe ba, ya ɗaga shi a tafin hannu kamar mai awon nama.

"Ya yi nauyi," in ji shi.

Sai ya zare shi, ya kunna fitila, ya kara gilashin a gefen takardar ruwan hodar, ya ce in leƙa. Akwai rubutu ƙanana kamar ƙwan kiyashi, a ciki na ga sunan Universal. Kamfanin Island da ya fitar da faifan a 1969, wanda Chris Blackwell ya kafa a Jamaika a 1959, bai koma hannun Universal ba sai wajen ƙarshen shekarun 1990. Wato abin da ke hannuna sabon bugu ne na 'yan shekarun nan, an yi masa kwalliyar kakansa, an ƙara masa ƙiba don masu saye na yanzu suna ɗauka nauyi shi ne inganci. Mai teburin bai yi mini ƙarya ba. Kuɗinsa ke nan a ko'ina. Ni ne ban tambaya ba, don ina tsoron in tambaya in tashe shi daga barci. Kawu ya yi dariya har da tari, ya nemi kujera ya zauna.

Ina jin tausayina ne ya kama dattijon, ko kuma dama neman wanda zai yi wa karatu yake. Ya janyo fitilar, ya ce in manta da kwali, in manta da launi, duk ana iya sake buga su. Shaida tana wuri ɗaya ne, a ɗan filin nan mai santsi da ke tsakanin inda waƙa ta ƙare da inda takarda ta fara. In ka ɗauki faifai a matsayin gona, layukan waƙar su ne kunyoyi, wannan kuwa shi ne gefen da ba a nome ba. Ka karkata shi ga haske, sai lambobi da haruffa su bayyana, wasu na'ura ta daddale su, wasu da hannu aka karce. Nan asalin faifan yake rubuce.

Ga yadda ya warware mini. Waƙa tana kan tef. Injiniya zai ɗauki farantin alminiyum mai rufin wani abu mai laushi, ya sa allura mai zafi ta yanka layi ɗaya tak, wanda ke zagayawa daga baki har tsakiya, tsawonsa in an miƙe shi ya kusa rabin kilomita. Wannan farantin ba ya jure wahala, don haka sai a fesa masa ruwan azurfa, a tsoma shi cikin ruwan ƙarfe har ƙarfen ya kwanta a kansa, a ɓamɓare. Abin da aka ɓamɓare ɗin, masu sana'ar suna kiransa uba. Daga uba a fitar da uwa. Daga uwa a fitar da 'ya'ya, su ne hatiman da ake ɗaura wa injin, sama da ƙasa, a saka curin roba mai zafi a tsakani kamar curin fura, a matse. Hatimi yana gajiya. Tun yana fitar da layi mai kaifi har ya soma dakushewa, a cire shi a sa ƙaninsa. In 'ya'yan uwa ɗaya sun ƙare a koma wata uwar. In faifan ya karɓu, bayan shekaru a sake yanka sabon faranti, wani lokacin daga kwafin tef, ko kwafin kwafi. Saboda haka maharbi na gaske ba shekarar bugu kaɗai yake nema ba. Yankan farko yake so, uwa ta farko, ɗan fari.

Yana cikin bayanin na ji abin bai yi mini baƙo ba. Duk wanda ya zauna a zaure gaban malami ya san darajar gajeren isnadi. Wanda ya karɓi littafi daga bakin mai shi, ba ɗaya yake da wanda ya karɓa daga almajirin almajirinsa ba, ko da karatun nasu bai saɓa da wasali ɗaya ba. Waɗannan Turawan salsala suke saye.

Kamfanonin kuma ba su rubuta abin a fili ba, sai da suka sa shi a dunƙule. EMI suna amfani da haruffa goma na GRAMOPHLTD, kowane harafi a madadin lamba: G ɗaya, R biyu, A uku, haka har D da ke tsaye a madadin sifili. Decca kuwa BUCKINGHAM suka zaɓa. In ka riƙe faifan kamar agogo, lambar uwa tana wajen ƙarfe tara, harafin hatimi yana wajen ƙarfe uku. Ya ɗauko Folk Roots, New Routes, wanda Shirley Collins da Davy Graham suka yi wa Decca a 1964, ya ce in karanta da kaina. Na daɗe ina karkata shi kafin in hango ɗan harafin. U ne. Hatimi na biyu. Ban san lokacin da na yi kabbara ba, kamar yaron da ya haɗa baƙi karon farko. Akwai wasu alamomin: haruffan harajin saye da gwamnati ke karɓa a lokacin, sunan maɗaba'ar da ta buga kwalin a rubuce can ƙasa, yadda aka naɗe bakin kwalin ta baya. Wani injiniya mai suna George Peckham har laƙabinsa yake karcewa a filin, maharba suna nemansa kamar sa hannu. Kaurin robar ma shaida ne, domin roba ɗiyar man fetur ce, kuma da farashin mai ya tashi a 1973 kamfanoni suka shiga rage ta, suna narka tsofaffin faya-fayai suna haɗawa.

Na tambaye shi tambayar da ke cina. Kunne yana jin bambancin?

Ya ɗora nawa a kan garmahonsa, muka saurara. Ya buɗe wata kwaba mai makulli ya ɗauko na 1969, ya share shi da wani buroshi mai laushi, ya ɗora. In faɗi gaskiya, na ji wani abu. Jitar kamar ta matso kusa, muryar ta yi ɗumi. Amma kunnena a kan kaset ya girma, ya ƙarasa a kan waya, ba zan rantse a gaban alƙali cewa ba zuciyata ce ta ƙara gishiri ba, tunda an riga an gaya mini wanne ne mai tsada. Abin da na tabbatar shi ne ƙaras-ƙaras ɗin da ke ƙarƙashin waƙar.

"Wannan kuma suya ake yi a ciki?" in ji Kawu.

Na fassara wa dattijon, ya yi dariya, ya ce da yawa daga masu sayen irin wannan ba sa ɗora shi a kan allura ko sau ɗaya, domin kowane juyi yana cin wani abu daga jikinsa. Suna da matakan daraja da suke bi, tun daga wanda bai taɓa ganin allura ba har zuwa wanda ya karce ya zama sai dai a rataye a bango, kuma tsakanin mataki da mataki kuɗi na iya raguwa da rabi. Mutum ya sayi faifai da fam ɗari biyar, ya sa shi a leda, ya kulle, sannan ya zauna ya ji waƙar a waya.

A bangon bayan teburinsa, sama inda hannu ba ya kaiwa, akwai kwali mai zanen wata mata tsaye a ƙofar gidan ƙauye, dabbobi kewaye da ita. Shi ne ya fi komai tsada a shagon, ya haura fam dubu. Na lissafa a naira, na sake lissafawa don ina zaton na ƙara sifili. Just Another Diamond Day ne, na Vashti Bunyan, wanda Philips suka fitar a ƙarshen 1970. Labarinta ya tsaya mini a rai fiye da duk lambobin da na koya.

Yarinya ce da aka so a mayar tauraruwa a Landan a tsakiyar shekarun 1960, abin bai yiwu ba. A 1968 ita da abokin zamanta suka sami tsohon keken doki, suka ɗaura wa wata goɗiya, suka ɗauki karensu, suka nufi arewacin Sikotlan, inda mawaƙi Donovan ya yi niyyar kafa wani zango na masu fasaha a tsibirin Skye. Tafiyar da mota ke yi a kwana ɗaya ko biyu ta ci su fiye da shekara, suna yada zango a gefen hanya, suna ƙwadago don abin da za su ci da abin da goɗiyar za ta ci. Kafin su isa, taron ya watse. Suka ƙarasa wani ɗan tsibiri mai suna Berneray. Waƙoƙin da ta tsara a kan hanyar nan, na doki da ruwan sama da gonaki, su mai shirya faifai Joe Boyd ya ɗauka a Landan. Faifan ya fito, kusan ba wanda ya kula, 'yan kaɗan ɗin da suka yi rubutu a kansa wasu suka ce waƙoƙin reno ne. Ta ajiye jita, ta koma renon 'ya'yanta da kiwon dabbobi, kusan shekara talatin. Sai wajen ƙarshen shekarun 1990, da ta sami kwamfuta, ta rubuta sunanta a intanet, ta tarar ashe akwai mutanen da ke farautar faifan da take jin kunyarsa. Aka sake buga shi a 2000. A 2005 ta fitar da na biyu, shekara talatin da biyar bayan na farko.

Ita ta yi sa'a, tana raye abin ya same ta. Nick Drake da na saya bai ga komai ba. Faya-fayai uku ya yi, ba wanda ya sayu da kirki, ya rasu a gidan iyayensa a 1974 yana da shekara 26. Sai a 1999, da kamfanin Volkswagen ya sa waƙarsa a tallar mota a Amurka, jama'a suka yi caa a kansa.

A nan na fara ganin abin da ke ƙarƙashin kasuwar. Me ya sa faifan Vashti ya yi tsada? Don ba shi da yawa. Me ya sa ba shi da yawa? Don lokacin da ya fito ba wanda ya so shi, kamfani bai ga dalilin ƙara bugu ba. Farashin da ke manne a bangon nan ma'aunin wulakancin da aka yi wa mai waƙar ne a zamaninta. Wanda duniya ta karɓa hannu bibbiyu, faifansa yana cikin kwandon fam biyu a bakin ƙofa. Kuma ko sau goma faifan ya sauya hannu, ko sisi ba ya zuwa aljihun wanda ya rera. Wanda aka saya ma bai tsira ba. Bert Jansch, ɗan Sikotlan, an ɗauki faifansa na farko, wanda ya fito a 1965, a gidan injiniya Bill Leader, da jitar aro, aka sayar wa kamfanin Transatlantic a kan fam ɗari, sayarwa ta har abada. Faifan ya sayu har kwafi 150,000. Ban faɗi wannan don in zargi dattijon ba. Da irinsa ba su adana ba, da babu abin da Vashti za ta tarar ranar da ta rubuta sunanta.

Kowane maharbi yana da giwar da yake mafarki. Ta dattijon ita ce faifan Bob Dylan na biyu, na 1963. Ana dab da fitar da shi aka cire waƙoƙi huɗu aka sauya da wasu, amma a masana'anta wani ya yi kuskure ya buga 'yan kaɗan da tsohon hatimi. Kwalin iri ɗaya ne da na miliyoyin da aka sayar, sai ka duba lambar da ke filin nan, ko ka ɗora allura, kafin ka gane. An taɓa sayar da ɗaya dala 35,000. Ya ce shekara arba'in ke nan duk wanda ya shigo hannunsa sai ya karkata shi ga fitila.

Ranar Litinin ni kaɗai na fita. Na bi ta Soho, na tsaya a ƙofar lamba 49 a titin Greek, inda a ƙarƙashin ginin aka yi wani gidan waƙa mai suna Les Cousins daga 1965, ɗakin da su Jansch da Davy Graham da Paul Simon suka sha kwana suna kiɗa. Ba abin gani, ƙofa ce kamar kowace. Na wuce Camden, gidan Cecil Sharp, wani jan gini da aka buɗe a 1930. Sharp malamin kiɗa ne. A 1903, a ƙauyen Hambridge da ke Somerset, ya ji mai aikin lambu, John England, yana rera wata tsohuwar waƙa yana aikinsa, ya zaro littafi ya rubuta. Daga nan ya shiga ƙauyuka a kan keke, har ya ƙetara zuwa duwatsun Appalachia na Amurka, ya tara waƙoƙi da kaɗe-kaɗe kusan 5,000 kafin rasuwarsa a 1924. A ɗakin karatun gidan aka kunna mini muryar Joseph Taylor, wani tsoho ɗan Lincolnshire da kamfanin Gramophone ya ɗauka a 1908 yana da shekara saba'in da wani abu, ba kiɗa, ba amshi. Waƙoƙin 'yan ƙwadagon gona ne da matuƙan jirgin ruwa da masu haƙar kwal, waɗanda ake gada baki da baki ba wanda ya taɓa biyan kobo. Kamfanin Topic da ya fi kowa buga irinsu, daga wata ƙungiyar waƙa ta ma'aikata ya tsiro a 1939. Ina zaune da na'ura a kunne ina tunanin yadda waƙar talaka ta zama kayan da talaka ba ya iya saye.

Talata Kawu ya ce zai raka ni Hayes, wai don kada in ɓata, alhali jirgi ɗaya ne daga Paddington, tafiyar kimanin minti ashirin. A nan kamfanin Gramophone ya kafa masana'antarsa, mawaƙiya Nellie Melba ta aza tubalin ginin a 1907, kuma bayan haɗewarsu da Columbia ta Ingila a 1931 suka zama EMI. Dubban mutane sun ci abinci a wurin. Yanzu manyan gine-ginen sun koma gidajen haya da ofisoshi, sai sunayen tituna ke tuna wa mutum abin da aka yi. Tsofaffin injinan buga faifan suna nan suna aiki a wata ƙaramar masana'anta a garin, domin kasuwar ta farfaɗo: a 2023 an sayar da sababbin faya-fayai kusan miliyan shida a Birtaniya, a Amurka kuwa tun 2022 suka wuce CD yawan sayuwa, karo na farko tun 1987.

Muna shan kwana sai ga ƙaton gunkin kare, fari, kunnuwa baƙaƙe, ya karkata kai kamar mai saurare. Kawu ya tsaya cak.

"Kai! Wannan ai karen garmahon Baba ne."

Shi ne kuwa. Nipper sunansa, Francis Barraud ya zana shi yana leƙa bakin ƙahon garmaho, kamfanin ya sayi zanen a 1899 ya mayar da shi tambari. Kawu ya ce yana cikin murfin garmahon kakana a Zariya, kuma suna yara sun yi imani karen ne ke waƙar. Ya ce in ɗauke shi hoto a gabansa, mutumin da ko a bikin 'yarsa sai da aka roƙe shi ya tsaya. Na gaya masa cewa tsakanin 1927 da 1929 an tara 'yan Afirka ta Yamma a Landan sun yi waƙoƙi cikin harsunansu, Fanti da Yarabanci da Ga har da Hausa, aka buga da tambarin Zonophone aka tura gida a jirgin ruwa, kuma shagon Honest Jon's da muka wuce a Portobello ya tono wasunsu daga taskar EMI da ke nan Hayes ya sake fitarwa a 2008. Bai ce komai ba. A jirgi, muna komawa, shi ya ɗauko zancen da kansa. Ya ce kaset ne ya kashe faifai a wurinmu, don yana shiga aljihu, yana shiga mota, kuma da naira kaɗan mai rakoda a kasuwa zai zuba maka Shata cike da gefe biyu. Sauran aikin rana da ƙura da gara suka ƙarasa. Faifan da aka manta a taga yini ɗaya, da la'asar ya zama kwano.

Ranar Laraba, jajiberin tafiyata, muka koma shagon don in yi wa dattijon sallama. Tun ranar Asabar na leƙa akwatinsa na Afirka, kusan duk Fela ne da kiɗan Gana da Kwango, irin waɗanda Turawa ke zuwa Legas da Akra da Kwatano suna kwashewa daga ɗakunan ajiya. Na tambaye shi na Hausa, ya ce ba mai nema. Amma da ya gan mu sai ya ɗaga yatsa, ya shiga ciki, ya fito da wani kwali mai kauri, gefensa ya ɗan goge. Jerin UNESCO ne na kiɗan Afirka, wanda kamfanin Bärenreiter-Musicaphon na Jamus ya buga. Biyu daga jerin na kiɗan Hausa ne, David Ames ya ɗauke su, wani Ba'amurke masanin al'adu da ya zauna a ƙasar Zazzau a 1963 da 1964. Ɗaya daga biyun ne a hannunsa. Ya ce ya fi shekara goma a ajiye.

Ya share shi, ya ɗora, ya saki allura. Suyar nan ta fara, sannan ganga ta shigo, ta cika ɗakin da ke ƙarƙashin titin Landan, muryoyi suka biyo baya da Hausar da ba a gauraya ta da komai ba. Kawu yana zaune a kujerar da ya yi mini dariya a kanta. Na ga ƙafarsa ta soma motsi. Ya cire hular sanyi ya ɗora a gwiwa.

"Ina aji biyu lokacin nan," ya ce, ba da ni yake ba.

Sai da gefen ya ƙare, allurar ta shiga filin da ba waƙa tana ƙwas, ƙwas, ƙwas, sannan ya ɗago. Dattijon, sabo ya bi jiki, ya cire faifan ya karkata shi ga fitila zai karanta mana lambobin. Kawu ya ɗaga masa hannu.

"Tambaye shi nawa."

Fam ashirin da biyar. Bai kai abin da na biya a kan sabon bugun da na ɗauka dukiya ba. Na sa hannu a aljihu, Kawu ya buge hannun, ya zaro walat ɗinsa, ya ƙirga, bai nemi ragi ba, shi da ke ciniki a kan albasa.

Da dare ina haɗa kaya, na yanko kwali biyu zan sa faifan a tsakani yadda dattijon ya koya mini, a tsaye, kada a kwantar, kada a ɗora masa nauyi. Kawu ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona.

"Ina za ka da shi?"

"Gida mana, Kawu."

"Zafin Kano zai lanƙwasa shi. Bar shi nan. Ka tafi da na Baturenka, shi ai ka ce sabo ne, zai jure."

Na ce to, ai ba ka da garmaho. Ya ɗauke faifan daga kan gado, ya rungume shi a ƙirji, ya juya zai fita, sannan ya waiwayo.

"Wancan tsohon, ka karɓi lambarsa? Kira shi da safe kafin mu tafi filin jirgi. Na ga wani ƙarami a ƙarƙashin teburinsa, ka ji mini nawa zai bar shi."